WUƘAR MAƘERI: YADDA A KE ƘERA TA, DA YADDA MAI SAYE ZAI GANE TA ƘWARAI

Babu gidan manomi, kome talaucinsa, da za a shiga a rasa wuƙa. Da ita a ke yanka dabba a feɗe ta, da ita a ke yanka ƙaran rogo na shuka, a fafe ƙwarya, a yanke igiya, a gyara ƙotar fartanya. A cikin gida kuwa mata ba su rabuwa da ita wajen yankan kuɓewa da albasa. Amma duk da wannan, mutane kaɗan ne suka san abin da ya raba wuƙa ta ƙwarai da ta banza. Galibi mutum ya kan je kasuwa ne ya dubi wadda ta fi ƙyalli, ya taɓa bakinta da babban yatsa, ya biya kuɗi ya tafi. Bayan mako 2 sai ya tarar bakin ya lanƙwashe, ko kuwa ya yi giɓi kamar haƙoran tsoho.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗin wuƙar kaɗai ba. Wuƙa maras kyau ta kan huda fata wajen fiɗa, fatar da ta huje kuwa ɗan kasuwa ba ya sayenta da daraja. Ta kan wahalad da dabba wajen yanka. Ta kan farfasa ƙaran rogo maimakon ta yanke shi sumul, ƙaran ya ruɓe a ƙasa. Kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanke mai ita, gama sai ya danna da ƙarfi, in ta zame sai a hannu. Saboda haka ya kamata manomi da mahauci da mai sayad da wuƙaƙe su san yadda maƙeri ya ke aikinsa, don wanda ya san yadda a ke yin abu ba a cika cutarsa wajen saye ba.

ASALIN SANA'AR

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono matoyan narka tama a shekarun 1960, aka auna aka tarar sun haura shekara 2,000. A gindin dutsen Dala ma an sami alamar narka tama tun wajen ƙarni na 7. Labarin kaka da kakanni kuwa ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a Dala don neman tama, su ne a ke kira Abagayawa.

A da, maƙeri ba ya samun ƙarfe sai an haƙo tama, an gina matoya da yumɓu, an ƙona gawayi mai yawa, sa'an nan a fid da dunƙulen ƙarfe a yi ta dukansa har ya tsarkaka. Akwai kuma ƙarfen da fatake su ke kawowa ta hamada. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana sayad da ruwan takubba na garin Solingen ta ƙasar Jamus, a Kano a ke sa musu ƙota da kube. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsofaffin ƙarafan Turai suka yawaita, suka yi araha, narka tama ya yi ta ja da baya har aka bar shi. Yau kusan dukan maƙeran ƙasar Hausa da tsohon ƙarfe su ke aiki.

Maƙera iri 2 ne. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ke yin zobe da munduwa. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, su ke yin garma da fartanya da lauje da gatari da wuƙa. Waɗannan na biyu su ne abokan zaman manomi. Sana'ar galibi gado ce, yaro ya kan fara da zuga, ya daɗe yana kallo kafin a ba shi masaba.

MAƘERA DA KAYANTA

Maƙerar gida ba ta bukatar wuri mai yawa. Rumfa ce ko zaure a ƙofar gida, da ɗan rami na wuta a ƙasa. Kayan aikin su ne uwar maƙera, watau dunƙulen ƙarfen da a ke duka a kai, da masaba da guduma, da awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da kurfi na yanke shi, da magagari na gogewa, da zugazugi, da kaskon ruwa. Zugazugin gargajiya na fatar akuya ne, guda 2, bakinsu ya haɗu cikin bututun yumɓu. Yanzu maƙera da yawa sun koma ga fanka mai juyawa da hannu ko da ƙafar keke, iskarta ta fi ɗorewa, yaro kuma ba ya saurin gajiya.

Gawayin da maƙera suka fi so shi ne na ƙirya, don itacenta yana da tauri, gawayinsa yana da nauyi, yana ba da zafi mai yawa, ba ya saurin zama toka. Amma ƙirya tana ƙaranci a dazuzzuka saboda sara. Manomin da ya ga tsiron ƙirya a gonarsa, in ya bar shi ya girma, ya taimaki kansa da maƙerin garinsu.

Tilas rumfar ƙira ta zama a buɗe, iska na ratsawa. Gawayi in yana ci ya kan fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, a ɗaki rufaffe tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa.

ƘARFEN DA YA DACE

Nan ne asirin wuƙa ya ke. Ba kowane ƙarfe ne ya ke riƙe kaifi ba. Abin da ya ke sa ƙarfe ya taurara shi ne wani sinadari da a ke kira kabon, wanda shi ne dai ainihin gawayi. In aka raba nauyin ƙarfe kashi 1,000, ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 3 ba ba ya taurara sosai, ko da an gasa shi an tsoma a ruwa sau 10. Irin wannan shi ne ƙarfen ganga, da ƙusa, da galibin ƙarafan ƙofa da taga. Yana da daɗin duka, yana kuma yin ƙyalli in an goge, amma wuƙarsa ba ta aikin yini guda ba ta dakushe ba. Rodin gini kuwa ba shi da tabbas, wani ya taurara wani ya ƙi.

Sifirin na mota yana da kabon kamar kashi 6 cikin 1,000. Shi ya sa maƙera su ke nemansa wurin 'yan gwangwan, gama yana taurara, kuma ba shi da saurin karyewa. Ya dace da wuƙar yanka da adda da gatari. Tsohon magagari kuwa kabon ɗinsa ya kai kashi 10 cikin 1,000, ko fiye. Kaifinsa ya fi na sifirin, amma ya fi shi gautsi, don haka ya fi dacewa da aska da ƙananan wuƙaƙe. Sai dai a lura, tsohon sifirin wani lokaci yana da ɓoyayyen tsagu saboda daɗewa a ƙarƙashin kaya. Maƙeri mai hankali ya kan gasa shi ya duba, tsagun ya kan bayyana kamar baƙin zare a jikin jan ƙarfe. Wannan wurin sai a yanke a yar.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada ƙarfen da ba a san asalinsa ba. A yanki ɗan guntu, a buga shi ya yi sirara, a gasa ya yi ja, a tsoma a ruwa, sa'an nan a ɗora bisa uwar maƙera a buga da masaba, ana kau da fuska. In ya karye kamar tangaran, ƙarfen wuƙa ne. In ya lanƙwashe kurum, sai a ajiye shi don wani aiki. Wanda ya ke da injin gogewa yana iya ganewa ta tartsatsi: ƙarfe mai kabon da yawa tartsatsinsa ya kan fashe ya yi rassa, maras kabon kuwa nasa dogaye ne miƙaƙƙu.

Ƙarfen da aka shafa wa farin sinadari don hana tsatsa, kamar kwanon rufi da bututun ruwa, kada a sa shi a wuta. Farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

DUKAN ƘARFE

Maƙeri ya kan sa ƙarfe a wuta har ya wuce ja ya kai launin lemo ko ɗorawa, watau zafin digiri 900 zuwa 1,100 a ma'aunin da ruwa ya ke tafasa a 100. A nan ƙarfe ya ke laushi ya bi masaba. Ya yanki gwargwadon abin da ya ke so da kurfi, ya fara da fid da tsini, sa'an nan ya juya ya ja wutsiyar da za ta shiga ƙota, daga baya ya bi gefe guda yana duka har ya yi sirara, nan ne kaifi zai zauna.

Wajen fid da kaifi akwai abin lura. Gefen da a ke duka yana ƙara tsawo, gadon bayan kuwa yana nan yadda ya ke, saboda haka wuƙar ta kan gantsare ta yi baya. Gwani ya kan fara lanƙwasa ƙarfen kaɗan wajen kaifi tun kafin ya soma, don in ya gama duka ta miƙe daidai. Kuma ya kan yi duka a fuska 2 daidai wa daida. In aka fi dukan fuska guda, wuƙar za ta murɗe ranar da aka tsoma ta.

Kuskure 2 ne su ke ɓata wuƙa a nan. Na farko gaggawa: ƙarfe ya huce jansa ya dushe, maƙeri ya ci gaba da duka don ƙyashin gawayi. Wannan ya kan jawo ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, in ya huce a mai da shi wuta. Na biyu sakaci: a bar ƙarfe a wuta ana hira har ya yi fari yana tartsatsi. Wannan ya ƙone ke nan, ba shi da sauran amfani, sai a yanke wurin.

In siffa ta fito, maƙeri ya kan gasa wuƙar ta yi ja, ya fid da ita ya bar ta ta huce a iska, sau 2 ko 3. Wannan yana gyara cikin ƙarfen bayan wahalar duka, ya rage masa gautsi. Sa'an nan ya sake gasa ta ya binne cikin toka mai zafi ta kwana. Da safe ta yi laushi, magagari yana cinta. Sai ya goge, ya daidaita. Amma ba ya fid da kaifi sarai tukuna, ya kan bar bakin da kauri kamar rabin tsinken ashana. Bakin da ya cika sirara ya kan tsage ko ya yi lanƙwaye wajen tsomawa.

TAURARAWA

Wannan aikin na ɗan lokaci kaɗan ne, amma shi ne ya ke yanke wa wuƙa hukunci. A kan gasa ruwan wuƙar a hankali, ana jan ta gaba da baya cikin garwashi don zafi ya game ko'ina, har ta yi ja sosai, wajen digiri 800. A tsakar rana ido ba ya gane wannan launin daidai, ƙarfe ya kan fi yadda a ke tsammani zafi. Don haka gara a yi shi a inuwa, ko da asuba, ko da magariba.

Akwai dabarar da ta fi ido tabbaci. Ƙarfe in ya kai digiri 770 mayen ƙarfe ya kan daina kama shi. To, sai a sami mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, a ɗaure a bakin sanda, a riƙa taɓa wuƙar da shi. Sa'ad da ya daina kamawa, a ƙara mata wuta ɗan kaɗan, a zaro maza a tsoma.

Ruwa yana sanyaya ƙarfe da sauri ƙwarai, saurin nan kuwa ya kan tsaga sifirin da magagari. Wani lokaci har a kan ji ƙarar tsagewar cikin kasko. Mai ya fi sauƙin hatsari ga wuƙa. Man gyaɗa mai ɗumi, a cikin gwangwani mai zurfi da murfi a kusa, ya isa. In man ya kama wuta a rufe shi da murfin, kada a zuba ruwa. Baƙin man mota da aka juye daga inji ba shi da kyau, hayaƙinsa yana cutad da huhu. A tsoma wuƙar a miƙe, tsini ko kaifi a gaba, a motsa ta sama da ƙasa. In aka kaɗa ta gefe da gefe sai ta karkace.

Bayan ta huce a goga magagari a bakinta. In ya zame yana ƙara kamar an goga a kwalba, ta taurara. In ya ci, to, ko zafin bai isa ba, ko ƙarfen ba na wuƙa ba ne.

RAGE GAUTSI

Wuƙar da ta fito daga tsomawa tana da tauri, amma in ta faɗi a kan dutse tana iya karyewa. Tilas a sake ɗumama ta kaɗan don gautsin ya ragu. Wannan matakin shi ne masu ƙira don kasuwa su kan tsallake, shi ya sa a ke samun wuƙar da bakinta ke ɓantarewa da ta gamu da ƙashi.

Yadda a ke yi, a goge fuska guda da dutse har farin ƙarfe ya fito. A ɗora gadon bayan wuƙar a kan garwashi marar ƙarfi, ko a kan wani dunƙulen ƙarfe mai zafi, kaifin yana sama. Ba da jimawa ba za a ga launi yana tasowa daga baya yana tafiya wajen kaifi. Na farko kamar busasshiyar ciyawa, wannan wajen digiri 220 ne. Daga nan ya koma ƙasa-ƙasa, ya yi makuba, sa'an nan shuɗi, wajen digiri 300. Ga wuƙar yanka da ta fiɗa da aska, da zarar launin busasshiyar ciyawa ya isa bakin kaifi sai a tsoma a ruwa a tsai da shi. Ga adda da gatari, masu shan duka, a bari ya kai makuba ko shuɗi. Ta haka gadon baya ya kan fi kaifi laushi, wuƙar ta sami kaifi mai tauri da jiki mai juriya. In an maimaita sau 2 ya fi kyau.

ƘOTA DA KUBE

Itacen ƙota ya zama busasshe mai tauri, kamar ƙirya ko marke ko aduwa. Ɗanyen itace in ya bushe ya kan tsuke ya tsage, wuƙa ta riƙa girgiɗi. Maƙera su kan huda itacen, su gasa wutsiyar su cusa ta ta ƙona wa kanta mazauni. In za a yi haka bayan taurarawa, a naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya gangara ya ɓata kaifi. A sa zoben ƙarfe a wuyan ƙotar don hana tsagewa. Wadda ta fi ƙarko ita ce wadda wutsiyarta ta ratsa ƙotar ta fito ta baya aka dandaƙe kanta, ko kuwa wadda aka yi wa wutsiya mai faɗi aka haɗa da katako 2 da ƙusoshi.

Kube aikin baduku ne. Ya kama wuƙar sosai yadda ko an kifa ba za ta zame ba, ɗinkin kuma ya kauce wa bakin kaifi.

KOWANE AIKI DA WUƘARSA

Wuƙar yanka ta zama doguwa miƙaƙƙiya, ta ɗara faɗin wuyan dabbar sosai, babu giɓi ko ɗaya a bakinta. Addini ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa don kada dabba ta wahala, kuma ba a wasawa a gaban idonta.

Wuƙar fiɗa dabam ce. Gajeriya ce, bakinta mai lanƙwasa, kanta a zagaye babu tsini. Tsini shi ne abokin gāban fata. Ko bai huda ba ya kan bar zane a cikinta, wanda ba a gani sai an jeme, fatar ta yage a nan. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya wajen kyau, amma yanka guda a tsakiyarta ya isa ya sauko da ita daga lamba 1 zuwa ta ƙasa. A fiɗar akuya da tunkiya, in an tsaga ciki da ƙafafu, gara a ajiye wuƙa a bi sauran da dunƙulen hannu. A fiɗar sa kuwa, a ja fatar da hannu guda ta miƙe, bakin wuƙa yana fuskantar nama.

Wuƙar auren itatuwa, kamar mangwaro da lemo, ƙarama ce sirara, a kan wasa ta ta fuska guda don ta yanka reshe sumul a ja guda. In yankan bai yi sumul ba, rassan 2 ba su haɗuwa sosai, auren ba ya kamawa. Ba a yin wani aiki da ita.

Akwai kuma farar wuƙar kanti wadda ba ta tsatsa. Irin ƙarfenta wani mutum mai suna Harry Brearley ya fito da shi a Shefild ta Ingila a 1913. Tana da amfani wajen yankan tumatir da lemo, ba ta son kulawa da yawa. Amma mai arahar cikinta ba ta riƙe kaifi, ta fi wuyar wasawa a dutsen gida, in ta karye kuwa maƙerin ƙauye ba ya iya gyara ta. Wuƙar maƙeri ko ta cinye ana mai da ita wuta a fid da ƙarama daga jikinta.

GWAJI A KASUWA

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Mai saye, ko ɗan kasuwa mai sarin dozin, ya bi waɗannan:

1. Ya tambayi maƙeri da wane ƙarfe ya yi ta. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar.

2. Ya ɗaga ta ya duba ta gadon baya daga ƙota zuwa tsini, ya ga ko ta miƙe.

3. Ya duba bakin a rana, ko akwai tsagu kamar gashi. Wuƙa mai tsagu ko kyauta ce ba ta da amfani.

4. Ya riƙe ƙarshen ƙotar da yatsu 2 ya ƙwanƙwasa ruwanta da ƙusa. Lafiyayya amonta ya kan ɗan ja, mai tsagu ko mai sakakkiyar ƙota amonta a mace ya ke.

5. Ya fere busasshen itace mai tauri da ita sau da yawa, ya sake duban bakin. In ya lanƙwashe, ƙarfen ya yi laushi. In ya ɓantare, gautsi ya yi yawa.

6. Ya murɗa ƙotar ya ji ko tana motsi.

Ƙyalli ba shaida ba ne. Baƙin da wuta ta bari a gadon baya da sawun masaba ba su rage wa wuƙa kome. Araha kuwa ba ta ado. Wuƙar sifirin da aka yi wa dukan matakan nan ta ci gawayi da lokaci fiye da ta ganga, dole kuɗinta ya ɗara, amma ta kan shekara da shekaru tana aiki.

WASAWA DA ADANAWA

A wasa wuƙa a dutse mai laushi da ruwa. A kwantad da ita, a ɗaga gadon bayan kaɗan. Ga wuƙa mai faɗin yatsu 2, tsakanin bayanta da dutse ya zama kamar kaurin ƙaramin yatsa. A riƙe haka kada hannu ya riƙa sauyawa. A wasa fuska guda har a ji wani ɗan kaushi ya taso a ɗaya fuskar tun daga gindi har tsini, sa'an nan a juya. A ƙarshe a goga ta a kan fata, ana ja ta baya, kaushin ya fita.

A yi hattara da injin wasawa, musamman gab da Babbar Salla sa'ad da masu wasa su ke gaggawa. Dutsen inji yana zafafa bakin wuƙa nan da nan. In aka ga bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, wuƙar za ta yi kaifi ranar nan ta dakushe kashegari. Mai wasa na ƙwarai ya kan riƙa tsoma ta a ruwa a kai a kai. Haka kuma kada a sa wuƙa a wuta don yanke roba ko igiyar leda, wannan ma yana kashe ta.

Bayan aiki a wanke, a share ta bushe, a shafa ɗan man gyaɗa. Kada a mai da ita kube da danshi ko da jini, fata tana riƙe laima. Da damina, wuƙar da ba a aiki da ita kullum gara a ajiye ta waje da kube, inda yara ba su kai. Ɗan kasuwa ma ya shafe hajarsa da mai ya naɗe a takarda. Tsatsa in ta fara, toka da jiƙaƙƙen tsumma su kan fid da ita. Baƙi-baƙin da albasa ko lemo su ke bari a jikin wuƙa ba aibu ba ne, yana ma rage tsatsa.

WUƘA DA CUTA

Wuƙa tana ɗaukar cuta daga jiki zuwa jiki. Wadda aka yanka dabba maras lafiya da ita, a wanke ta da sabulu a tafasa ta minti 20 kafin ta taɓa wani nama. Tafasawa ba ta ɓata tauri, gama ruwa ba ya wuce digiri 100, tauri kuwa sai zafi ya haura 200 ya ke fara sauyawa. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a sa mata wuƙa ko kaɗan, a kira ma'aikacin dabbobi, don irin wannan cutar tana kama mutum.

A lambu ma haka ne. In an yanke reshen da ya kamu da cuta, a goge wuƙar da ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, kafin a taɓa lafiyayyen itace. Daga baya a ɗauraye a shafa mai, don bilic yana cin ƙarfe.

Aska guda ga mutane da yawa ba tare da tafasawa ba tana yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Cibiyar jariri kuwa ba a yanka ta da wuƙar gida, sai da sabuwar reza. Cutar nan mai sarƙe haƙora ta sandarad da jiki, mutane su kan ce tsatsa ke kawo ta, alhali ƙwayoyinta a cikin ƙasa da kashin dabbobi su ke zaune. Duk wanda wuƙar gona ta yi wa rauni mai zurfi ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tafi asibiti a yi masa allurar rigakafi.

Da rani ne maƙera su ke da sarari. Da bazara ta kusa, aikin garma da fartanya ya kan rufe su, da Salla ta matso kuwa kowa wuƙa ya ke nema, aikin gaggawa ya yawaita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin da ke son wuƙa ta ƙwarai ya nemi guntun sifirin tun yanzu, ya kai wa maƙerin da ya sani, ya faɗa masa aikin da zai yi da ita, ya ba shi kwanaki, ya kuma biya shi ladan da ya dace.